Me ya sa ake ta gina masana'antun kayan batir alhali farashin litiyum ya faɗi?

Tambaya: Kusan kowane wata sai na ji an ce wani kamfani zai zuba biliyoyin daloli ya gina masana'antar sarrafa kayan batirin motoci masu amfani da lantarki. A gefe guda kuma ina jin farashin litiyum ya faɗi warwas, har wasu manyan kamfanonin batir sun karye. To wanne ne gaskiya? Akwai riba a harkar, ko zuga ce kawai? Kuma idan na ji irin wannan sanarwa, yaya zan gane ta gaske?

Amsa: Malam, duka biyun da ka ji gaskiya ne, kuma ba sa karo da juna. Ana sayen motocin: a 2023 an sayar da wajen miliyan 14 a duniya, a 2024 suka haura miliyan 17, wato cikin kowace sabuwar mota biyar ɗaya ta lantarki ce, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka sayar. Farashin ma ya faɗi: tan ɗaya na litiyum da aka tace ya kusa yuan 600,000 a kasuwar Sin a Nuwamban 2022, amma kafin 2024 ta ƙare ya dawo ƙasa da yuan 80,000. Buƙata ta ƙaru, sai dai kayan da aka fito da su sun fi ta saurin ƙaruwa. Wannan ba sabon abu ba ne ga duk wanda ya san harkar ma'adinai. Farashi ya hau, kowa ya ruga ya ci bashi ya fara gini, ginin ya ɗauki shekara uku ko huɗu, sannan kowa ya buɗe ƙofa a lokaci guda, kasuwa ta cika. Yawancin masana'antun da ake yanka ƙyallen buɗewarsu yanzu, tun lokacin tsadar aka yanke shawarar gina su.

Amma kafin mu je ga riba, sai mun raba abin da labarai ke haɗawa a jaka ɗaya. Idan aka ce “masana'antar batir” ana iya nufin wurare biyar ko shida da ba su da kama da juna. Akwai wurin haƙo ɗanyen dutse. Akwai matatar da ke mayar da shi gishirin sinadari mai tsabta. Akwai inda ake haɗa gishirin nan a fitar da garin katod ko na anod, wato ɓangarori biyun da litiyum ke kaiwa da komowa tsakaninsu a cikin batir. Akwai inda ake shafa garin a jikin fallen ƙarfe a naɗe shi ya zama ƙwayar batir. Sai inda ake jera ƙwayoyin cikin akwatin da za a ɗaura a ƙarƙashin mota. Tambayarka ta faɗa kan na tsakiyan ne, matata da masu yin gari, kuma a nan gizo ke saƙarsa.

Ƙwayar batir abu huɗu ce: katod, anod, ruwan da litiyum ke iyo a cikinsa tsakanin su biyun, da wani siririn shamaki mai kama da leda da ke hana su taɓa juna. Anod kusan duk girafait ne, irin baƙin abin da ke cikin fensir, kuma batirin mota matsakaiciya yana cin kilo 50 ko fiye. Katod shi ne mafi tsada cikin huɗun, shi ne kuma ke yanke nisan da mota za ta yi da irin kuɗin da za a saye ta. Iri biyu ne suka mamaye kasuwa: mai nikel da manganis da kobalt, wanda 'yan harkar ke kira NMC, da mai ƙarfe da fosfet, wanda suke kira LFP. Riƙe waɗannan sunaye biyu, zan dawo kansu.

Bari in nuna maka yadda ake yin garin katod mai nikel, don sai ka ga aikin za ka gane dalilin da kuɗi kaɗai ba sa yin sa. Ana narkar da gishirin nikel da na kobalt da na manganis a ruwa, a riƙa ɗiga su cikin wata babbar tukunya mai juyawa tare da soda da amoniya. A hankali wasu 'yan ƙwayoyi suke ginuwa, kowace ba ta kai kaurin gashin kai ba. Girmansu da siffarsu da yadda suka cure duk suna rataye ne da zafin ruwan da saurin juyawa da ƙarfin sodar, kuma kuskure kaɗan ya isa ya canza su. A tace, a wanke, a busar, a gauraya da litiyum, sannan a jera a kasake a tura cikin wani dogon tanderu mai zafin digiri 700 zuwa 900, ana hura masa iskar oksijin, ya yi sa'o'i da yawa yana tafiya a hankali. Ya fito a niƙa, a tankaɗe, a bi da shi ta gaban maganaɗisu don cire burbushin ƙarfe. A wannan mataki ba a maganar kashi cikin ɗari. Ana auna datti ne da kashi cikin biliyan. Dalili kuwa shi ne ɗan burbushin ƙarfe ko na jan ƙarfe da ido ba ya gani zai iya narkewa cikin batir, ya je ya taru a ɗaya gefen, ya huda shamakin nan, wuta ta tashi. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Na taɓa ganin haka da idona a wani wuri da na yi aiki. Mai saye ya dawo mana da kaya tan-tan, ya ce jan ƙarfe ya wuce ƙa'ida. Muka yi makonni muna bin bututu ɗaya bayan ɗaya, muna zargin masu kawo mana gishiri, muna zargin ɗakin gwaji. Ashe wani bawul ne ya lalace cikin dare, mai gyara ya ɗauko na tagulla ya sa don kada aiki ya tsaya. Niyyarsa mai kyau ce. Bawul ɗin bai kai kuɗin cefanen mako ba, asarar kuwa ta cinye ribar watanni. Daga ranar na daina mamakin masana'antun da ke hana ma'aikaci shiga da zobe ko maɓallin ƙarfe a riga.

Wannan ya kawo mu abin da sanarwa ba ta taɓa faɗa: gama gini ba shi ne fara ciniki ba. Kamfanin batir ba ya karɓar gari daga sabuwar masana'anta sai ya gwada shi. A aika masa kilo kaɗan, ya yi ƙananan ƙwayoyi, ya yi ta caza su yana sauke cajin sau ɗaruruwa, abin da ba a iya gaggauta shi sosai. Ya gamsu, a aika ɗaruruwan kilo. Sannan tan-tan daga ainihin layin da zai riƙa yi. Sannan kamfanin mota ya yi nasa gwajin. Shekara ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne, kuma duk wannan lokaci albashi na tafiya, tanderu na cin wuta, kuɗin ruwan banki na hawa. Kada ka ga laifin masu motar. A 2021 kamfanin General Motors ya janye dukkan motocinsa samfurin Bolt, wajen 140,000, saboda wasu ƙwayoyin batir masu lahani da suka jawo gobara, kuma lissafin ya kusa dala biliyan 2, wanda kamfanin LG mai yin batirin ya ɗauki mafi yawansa. Wanda ya ga wannan ba zai yi gangancin canza mai kawo masa kaya don an rage masa kashi biyar ba.

To ina ribar take? Mai yin garin katod ba ya cin ribar tsadar litiyum ko nikel. Yawanci yarjejeniyarsa ita ce mai saye ya biya kuɗin ƙarafan bisa farashin kasuwa, sannan ya ɗora masa ladan sarrafawa. Ladan nan siriri ne. Saboda haka rayuwarsa ta rataya ne kan abu guda, tanderunsa ya kasance cike kullum. Faɗuwar farashin litiyum tana yi masa illa ta wajen kayan da ya saya da tsada ya ajiye, amma ba ita ke kashe shi ba. Abin da ke kashe shi shi ne ya gina layi goma, uku kawai ke aiki. Dubi Umicore na Beljiyam, kamfani mai dogon tarihi a sarrafa ƙarafa, ba ɗan koyo ba. Ya buɗe masana'antar katod a Nysa ta ƙasar Polan a 2022, ya fara wata a lardin Ontario na Kanada. A 2024 odar da ya yi tsammani ba ta zo yadda ya lissafa ba, ya dakatar da ginin Kanada, ya kuma rage darajar kadarorinsa na ɓangaren batir da kusan yuro biliyan 1.6.

Duk da haka ana gini, kuma babban dalilin ba na kasuwa ba ne, na tsoro ne. Sin ba ita ce kan gaba a haƙo yawancin waɗannan ma'adinai ba. Ostareliya ce kan gaba a litiyum, Cile ma tana da kaso mai tsoka da ruwan gishirinta na hamadar Atakama. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Fiye da rabin nikel daga Indonesiya. Amma da ka matsa mataki ɗaya zuwa tacewa sai hoton ya juye: wajen kashi biyu cikin uku na litiyum a Sin ake tace shi, kobalt kusan kashi uku cikin huɗu, garin anod fiye da kashi 90, garin LFP kuwa kusan duka. Shekaru gwamnatocin Amurka da Turai suna kallon wannan a matsayin harkar 'yan kasuwa. Suka farka. A Disamban 2023 Sin ta ce fitar da wasu nau'o'in girafait sai da lasisi, a Yulin 2025 kuma ta sa fasahar yin garin LFP cikin abubuwan da ba a fitarwa sai da izinin hukuma. Ƙasar da masana'antar motocinta ke ciyar da miliyoyin mutane ba za ta ji wannan ta yi barci ba.

Sai tallafi ya biyo. Dokar da Amurka ta yi a Agustan 2022 ta ba mai sayen motar lantarki rangwamen haraji har dala 7,500, da sharaɗin wani kaso na ma'adinan batirin ya fito daga Amurka ko ƙasar da ke da yarjejeniyar ciniki marar shinge da ita. Ta kuma ba mai yin ƙwayar batir dala 35 kan kowane kilowat-awa, wato ma'aunin wutar da batir ke ɗauka, mai yin garin katod ko anod kuma kashi 10 na kuɗin da ya kashe. Wannan ne ya jawo kamfanonin Koriya ta Kudu irin su LG Chem zuwa jihar Tennessee. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 2024, tana son kafin 2030 ta haƙo kashi 10 na muhimman ma'adinan da take buƙata a gida, ta sarrafa kashi 40, ta samu kashi 25 daga sake sarrafa tsofaffin kaya, kada kuma ƙasa ɗaya ta riƙe fiye da kashi 65 na kowane iri. Sai dai abin da doka ta ba ka, doka na iya karɓewa. Rangwamen dala 7,500 ɗin nan ya ƙare ranar 30 ga Satumban 2025, bayan gwamnati ta canza. Masana'antar sinadarai ana gina ta ne da lissafin shekara ashirin, zaɓe kuwa duk shekara huɗu ake yi. A ganina wannan rashin daidaito ya fi farashin litiyum hana masu zuba jari barci.

Akwai kuma wani ɓangare na sanarwar da mutane ba sa lura da shi: da yawa cikin sababbin masana'antun “rage dogaro da Sin”, kamfanonin Sin ɗin ne ke gina su a waje, don su kusanci masu saye su kuma kauce wa harajin fito. CATL, mafi girman kamfanin batir a duniya, ya sanar da masana'antar yuro biliyan 7.3 a Debrecen ta ƙasar Hangari a 2022, kuma masu yin katod da shamaki su ma suna yankin. Maroko ta fi burge ni a nan. Ba ta da litiyum na a zo a gani, amma tana da kusan kashi 70 na fosfet ɗin da aka sani a ƙarƙashin ƙasa a duniya, tana da babbar tashar jiragen ruwa a Tanja, tana da yarjejeniyar ciniki da Turai da Amurka, kuma Renault da Stellantis sun riga sun kafa masana'antun mota a can. Shi ya sa kamfanonin Sin suka nufi can: CNGR ya haɗa gwiwa da kamfanin Al Mada na Maroko suka kafa masana'antar kayan katod a Jorf Lasfar, BTR ya nufi yankin Tanja, Gotion ya zaɓi Kenitra. Ba dutsen litiyum ne ya jawo su ba, hanya da kasuwa da takardar ciniki ne.

Wannan batu ina so ka riƙe shi da kyau, don shi ne kuskuren da aka fi yi: a ɗauka wanda ke da ma'adini shi zai samu masana'anta. Ostareliya ta gwada. Tana da Greenbushes, ɗaya daga cikin mafi kyawun mahaƙun litiyum a duniya, tana da injiniyoyi, tana da kuɗi, tana da doka tsayayya. Aikin a takarda ba shi da wuya: a gasa dutsen a zafin da ya haura digiri 1,000, a jiƙa shi da asid na salfa, a tace, a sake tacewa, daga tan bakwai zuwa takwas na dutsen da aka wanke a samu tan ɗaya na gishirin litiyum. Aka gina matata a Kwinana da wata a Kemerton. Ta Kwinana, wadda aka fara ginawa tun 2016 kuma kamfanin Tianqi na Sin na cikin masu ita, ta yi shekaru tana fama ba ta kai adadin da aka tsara mata ba, har aka fasa kashi na biyu. Albemarle na Amurka shi ma ya rage aikin Kemerton a 2024. Albashi ya yi tsada, gini ya yi tsada, asid da soda sai an nemo, sharar da ke fitowa babu mai saye a kusa, kuma idan famfo ya lalace ba a samun mai ƙera irinsa a bayan katanga. A Sin matata tana zaune ne tsakiyar wasu masana'antun, shararta kayan aikin maƙwabcinta ce. Wannan ba a sayo shi a kwantena.

Indonesiya ce ta nuna ana iya tilasta wa masana'anta ta zo, amma ka dubi me ta biya. Daga Janairun 2020 ta hana fitar da ɗanyen dutsen nikel kwata-kwata. Da yake ita ce ke da kaso mafi tsoka, masu buƙata ba su da zaɓi, kamfanonin Sin suka kwararo Morowali a tsibirin Sulawesi da Weda Bay a Halmahera. Suka ƙware a dafa ɗanyen dutse mai ƙarancin nikel cikin asid a ƙarƙashin matsanancin zafi da matsi, dabarar da ta sha cinye kuɗin kamfanonin Yamma a wasu ƙasashe. Kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan nikel ya ninka sau da yawa. Amma wutar da ke tafiyar da yawancin wuraren daga kwal take, tarin laka mai guba na ƙaruwa, dazuzzuka sun tafi, kuma a Disamban 2023 wani tanderu ya fashe a Morowali ya kashe ma'aikata 21. Nikel ɗin ya yi yawa har farashi ya karye, kamfanin haƙar ma'adinai BHP ya dakatar da aikinsa na nikel a yammacin Ostareliya a 2024, BASF na Jamus da Eramet na Faransa suka fasa matatar dala biliyan 2.6 da suka yi niyya a Weda Bay. Wasu ƙasashen sun kwaikwayi dabarar hana fitarwa, Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyum a Disamban 2022, Kwango ta dakatar da fitar da kobalt a Fabrairun 2025. Dabarar tana ci ne idan kai ne ba a iya kauce wa, kuma idan kana da wuta. Kwango da Zambiya sun sa hannu tun 2022 kan haɗa gwiwar yin kayan batir, amma mahaƙun yankin Katanga har yanzu wutar da za ta ishe su ma ba su samu ba, balle tanderun da ba ya son ɗaukewar minti ɗaya.

Yanzu mu koma kan sunaye biyun nan. Kamfanonin Turai da Amurka da Koriya sun ɗora kuɗinsu kan mai nikel, don yana ɗaukar wuta da yawa cikin ƙaramin nauyi, mota ta yi nisa. LFP suka ɗauke shi kayan talaka. Abin dariyar shi ne a Jami'ar Texas ta Amurka aka gano shi, a ɗakin binciken John Goodenough, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, amma Sinawa ne suka zauna suka goge shi. Ba ya buƙatar nikel ko kobalt, ba ya saurin kama wuta, yana jure caji sau dubbai, kuma ya fi araha. Kamfanin BYD na Sin ya fito da sabon tsarin jera ƙwayoyinsa a 2020 wanda ya rage giɓin nisan tafiya, Tesla ya koma kansa a ƙananan samfuransa, kuma a 2024 ya kusa cinye rabin kasuwar batirin mota ta duniya. Shi ne kuma ake sawa a manyan rumbunan adana wutar rana da ta iska, kasuwar da ke girma da sauri. Masana'antar da aka gina don NMC ba a juya ta ta koma LFP da canza allo a ƙofa, kayan farko daban, iskar tanderu daban, kusan komai daban. Da yawa cikin ayyukan da ka ji an dakatar, ba buƙatar batir ce ta ragu ba, sun shirya wa irin da kasuwa ta fara juya wa baya ne. Ford ma da ya tashi yin LFP a jihar Michigan, lasisin fasahar CATL ya karɓo.

Girafait ba ya samun kanun labarai, amma shi ne ya fi ɗaure Yamma. Na haɗi ana yin sa ne ta gasa ragowar man fetur a zafin da ya kusa digiri 3,000 na tsawon kwanaki, don haka wanda ya fi arhar lantarki shi ke cin kasuwa. Kamfanin Syrah ya haƙo na ƙasa a Balama ta Mozambik, ya gina wurin sarrafawa a jihar Louisiana, ya samu bashin gwamnatin Amurka, amma ya daɗe yana jiran masu saye su gama gwaji.

Northvolt na Siwidin kuwa, wanda nake zaton shi kake nufi da waɗanda suka karye, ya tara fiye da dala biliyan 10 da odar manyan kamfanonin mota. Ya so ya yi komai da kansa lokaci guda, garin katod da ƙwayoyi da sake sarrafa tsofaffi, yana shirin sababbin masana'antu a Jamus da Kanada tun ta farko a Skellefteå ba ta iya fitar da kaya masu kyau da yawa ba. BMW ya soke odar yuro biliyan 2 a 2024, a Maris ɗin 2025 kamfanin ya shiga hannun kotu a gida. Kuɗi ba su yi masa kaɗan ba. Hannu ne bai faɗa ba.

Saboda haka idan ka ji sanarwa, fara da tambayar wace irin takarda aka sa wa hannu. Takardar fahimtar juna ba ta ɗaure kowa, ana yin ta ne a gaban kyamara. Abin nema shi ne hukumar gudanarwar kamfanin ta amince da kashe kuɗin, bankuna sun sa hannu, an ba da odar tanderu. Sannan ka dubi lambar da aka ambata. Sau da yawa jimillar kashi uku ko huɗu ce, na farko kaɗai ke da kuɗi a ƙasa: aikin Gotion a Kenitra ana kiran dala biliyan 6.5, amma yarjejeniyar 2024 ta kashin farko ce, biliyan 1.3. Ka tambaya waye zai sayi kayan, kuma ya ɗaure kansa da adadi da shekaru ne, ko cewa ya yi yana sha'awa. Ka tambaya waye ya taɓa yin irin wannan gari a wani wuri, kuma mutum nawa zai turo su zauna shekara biyu suna koyarwa. Alƙawarin dubban ayyuka kuma ka rage masa gishiri. Lokacin gini ana ɗaukar mutane da yawa, amma masana'antar sinadarai da ta fara aiki injuna ne ke tafiyar da ita, 'yan ɗaruruwa sukan isa.

Akwai wata tambaya da ba kasafai 'yan jarida ke yi ba, ni kuwa da ita nake farawa: ina za a kai sharar? Yin kayan farko na katod mai nikel yana fitar da wani farin gishiri na sodiyam da salfa mai tarin yawa, fiye da nauyin kayan da ake nema. Ba guba ce mai kisa nan take ba, amma ba a zuba ta a kogi haka nan. BASF ya gama gina masana'antar irin wannan a Harjavalta ta ƙasar Finlan, kotu ta tsayar da izinin muhallinsa kan batun ruwan da zai riƙa zubarwa, ginin ya zauna ba aiki har aka fara sallamar ma'aikata na wucin gadi a 2024. Masana'antarsa ta Schwarzheide a Jamus, wadda aka tsara za ta ci daga can, sai da aka nemo mata kaya daga wani wuri.